Yadda na je Tamale daga Kano ta mota don ganin buhunan Ibrahim Mahama

Tunda na dawo mutane ke ta tambayata, musamman abokan da muka yi karatun zane tare a Zariya da wasu malamai 'yan uwana, wai ya akai naje Gana ta mota, nawa na kashe, wace takarda ake nema a boda, wasu kuma tambayarsu ɗaya ce, wai da gaske buhu kawai naje gani. Kowa sai na faro masa daga farko a waya, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan yadda ya faru, domin ni kaina da na samu wanda yayi min irin wannan bayanin da ban ɓata kusan wata biyu ba kafin ma in taka mota.

Ni malamin zane ne a wata sakandare nan Kano. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗinkin buhu yake yi a Dawanau, da basilla da zare na tashi na ganshi, shi kuma nasa mahaifin ɗan dako ne tun zamanin dalar gyaɗa. To wata rana ina duba hotunan babban baje kolin fasaha da ake yi a birnin Benis na Italiya, na shekarar 2015, wanda ɗan Najeriya marigayi Okwui Enwezor ya jagoranta, sai naga wani dogon lungu da aka lulluɓe bangonsa hagu da dama tun daga sama har ƙasa da wani abu ruwan ƙasa mai faci-faci, mutane na tafiya a tsakiya ƙanana kamar tururuwa. Na ƙara girman hoton, wallahi sai naga algarara ce, buhun da na sani tun ina rarrafe. Wanda yayi aikin sunansa Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, yayi karatu a jami'ar Kumasi. Daga nan na fara bin aikinsa. Buhunan nan a Indiya da Bangaladash ake saƙa su, hukumar koko ta Gana ta shigo dasu don zuba kokon da ake fitarwa waje ayi cakulan, in sun gama wannan aikin sai su faɗo kasuwa a zuba masara, a zuba shinkafa, ƙarshe in sun tsufa su koma hannun masu gawayi. Shi kuma sai ya je ya basu sabbi ya karɓi tsoffin, ya tara mutane su ɗinke su wuri ɗaya, sai ya rufe gini guda dasu. Ya rufe gidan wasan kwaikwayo na ƙasa dake Akara a 2016, ya rufe wasu tsoffin gine-ginen ƙofar gari a Kasel ta Jamus a 2017. Shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibaina hotunan a waya ina ce musu wannan aikin yana sukar yadda ake cin gumin talaka, amma can cikin raina nasan ina faɗar abunda na karanta ne kawai, ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Da naji cewa kuɗin da yake samu a waje ya dawo dasu garinsu ya gina wuraren da kowa zai shiga kyauta, sai na fara tari.

Matakin farko fasfo, kuma anan na fi daɗewa. A ƙa'idar ECOWAS tun yarjejeniyar 1979 ɗan Najeriya baya buƙatar biza zuwa Gana, kana iya zama har kwana 90, amma dole ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Nawa ya daɗe da ƙarewa. Na shiga intanet na cike fom ɗin sabuntawa a ƙarshen 2024, na biya naira 50,000 na mai shafi 32 na shekara 5, (wanda zai yi yanzu ya sani tun Satumbar 2025 ya koma 100,000, mai shafi 64 kuma 200,000), sai abu yaƙi wucewa, ashe sunana a NIN Muhammad aka rubuta, a tsohon fasfo kuma Mohammed, kuma yanzu in harafi ɗaya ya saɓa ba inda zaka. Abun da ban taɓa lura dashi ba kenan duk tsawon shekarun nan. Sai da na koma na nemi gyaran suna a NIN, na je kotu nayi takardar rantsuwa, na jira wajen sati uku kafin gyaran ya fito, kullum da safe in duba waya in ga shiru. A lokacin har na fara tunanin ko dai in haƙura in saka kuɗin a wani abu, maiɗakina ce tace min tunda ka fara ka ƙarasa. Da gyaran ya fito na zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsa, naje tun bakwai na safe da takardun da na buga, shaidar biya, takardar NIN, tsohon fasfon da takardar ƙaramar hukuma, na samu mutane sunfi hamsin a gabana, ban shiga ba sai bayan azahar, shi kanshi ɗaukar hoton bai wuce minti goma ba. Akwai masu zagaye a bakin ƙofa suna cewa Malam kawo a taimaka maka ya fito da wuri, ban ba kowa ko sisi ba, fasfon ya fito bayan kusan sati biyar.

Na biyu katin allurar shawara, wanda ake cewa yalo kad. Shima a intanet ake biya, kuɗin ba yawa, sai ka buga takardar ka kai ofishin lafiya na filin jirgi ayi maka allurar a baka katin. Abun da mutane basu sani ba shine allurar bata fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, wato in kayi ta yau ka tashi jibi za'a iya tsayar da kai a boda, amma in kayi sau ɗaya shikenan har ƙarshen rayuwa. Ni nayi tawa tun ina jiran fasfo. Sai maganar hanya. In ka duba taswira zaka ga kamar ya fi sauƙi ka bi ta arewa, ta Nijar da Barkina Faso ka sauko Tamale ta sama, kusan hanyar da kakanninmu fatake suka bi zuwa Gwanja sayen goro, Salaga ma bata da nisa da Tamale. Raina ya so wannan hanyar ƙwarai, amma da yanayin tsaro a gabashin Barkina da kuma rikicin ficewarsu daga ECOWAS da ake ciki a daidai lokacin, wani dattijo direban tirela abokin mahaifina yace min ɗana kar ka soma, bi ta Legas ko da zata fi tsawo. Na bi maganarsa. Kuɗi kuma na canza kaɗan zuwa sefa a Wapa saboda Binin da Togo, sidi kuwa sai da na isa bodar Gana na canza, na raba kuɗin gida uku a jikina.

Na tashi a watan Janairun 2025, hunturu na kaɗawa. Doguwar mota daga Sabon Gari da yamma, wajen naira 40,000, muka kwana muna tafiya bamu shiga Legas ba sai wajen azahar ɗin washegari. Na kwana wajen wani ɗan unguwarmu a Agege, da asuba ya raka ni Mil Tu inda ake samun motocin Kwatano da Akara. Akwai manyan kamfanoni da suke karɓar fasfon kowa su buga muku hatimi kuna zaune, sun fi tsada, ni ƙaramar mota na shiga mai mutum bakwai, na biya fiye da ninkin abunda na biya daga Kano. Tsakanin Legas da Akara bai kai kilomita 500 ba, wato ko rabin Kano zuwa Legas bai kai ba, amma mun tashi kafin fitowar rana bamu isa ba sai tsakar dare. Dalili kuwa tsayawa. Tun kafin mu kai Seme na daina ƙirga shingaye, kowane shinge a leƙo, a haska fuska, ina zaka, me kake ɗauke dashi, kawo fasfo. Sannan boda uku, Seme tsakaninmu da Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana, kowace boda hatimin fita da hatimin shiga, shida kenan a tafiya shida a dawowa, ga teburin masu duba yalo kad daban. Togo ɗin nan faɗinta ta bakin teku kusan kilomita 50 ne kawai, ka gama layin shiga kafin ka gyara zama ka iso layin fita. A ɗaya daga cikin bodojin aka juya fasfona akaga sabo ne fil ba'a taɓa buga masa komai ba, akace sai na biya kuɗin sabon fasfo, nace a bani rasit, mutumin ya tura fasfon gefe ya kira na bayana. Na tsaya kusan minti arba'in, raina na tafasa, har wata Hajiya 'yar kasuwa da muke mota ɗaya tazo tace min ɗana kayi haƙuri ka bayar, dare zai yi mana, ni shekara ashirin ina bin hanyar nan kuma kowane zuwa sai na bayar. Na bayar, kuma har yau abun na min ciwo domin babu shi a doka. Inda nake tsaye ina hango tireloli maƙare da buhuna jere a gefe, direba ɗaya da takarda ɗaya zai wuce da buhu ɗaruruwa, mu kuwa mutum bakwai kowa sai an tambaye shi asalinsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

A Akara, wadda Hausawan can ke cewa Ankara, na sauka a Nima. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamaki, Hausa ake yi a titi, da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da suke cewa wace, sai dai Hausarsu bata cika raba mace da namiji ba, zaka ji ance Hajiya ya tafi kasuwa, kwana ɗaya kunnenka ya saba. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ku gyara wayarku saboda motar safe. Na huta kwana ɗaya sannan na yanki tikitin Tamale, sama da sidi 200, tafiyar kilomita 600 da wani abu, ta Kumasi da Teciman da Kintamfo, aka tsallaka Baƙin Bolta a Buipe da Farin Bolta a Yapei, wajen awa 12. Tun daga Kintamfo daji ke canzawa, dogayen itatuwan kudu su ƙare, kaɗanya da ɗorawa da kuka su fara, jar ƙasa, ƙura, masallatai a bakin hanya, sai naji kamar ina tsakanin Zariya da Kano. A motar nan na fara gane abunda na daɗe ina karantawa, koko a kudu yake, tashar jirgin ruwa a kudu, layin dogon da Turawa suka shimfiɗa don kwasar zinari da koko a Kumasi ya tsaya bai taɓa hawa arewa ba, abunda arewa ke turawa kudu shine mutane, leburorin gona da na ma'adinai da 'yan matan dake dako a kasuwannin Akara da Kumasi, waɗanda ake kira kayaye, kalmar ma daga kaya ɗinmu na Hausa ta samo rabinta.

A Tamale na kama ɗaki mai sauƙi kusa da Zango. Ga ruɗani na farko da nake so ku kauce masa. Da safe na tare adaidaita, su yalo-yalo suke ce mata, nace ya kaini wajen Ibrahim Mahama, sai yaron ya kalle ni yace ƙanin shugaban ƙasa? Ashe akwai wani Ibrahim Mahama ɗin, babban ɗan kasuwa ƙanin shugaban ƙasa John Mahama da aka rantsar a farkon Janairun 2025, kuma shi yafi shahara a bakin mutanen titi. Ku ce Red Clay, ko kuce wajen da aka ajiye jiragen sama, kowa ya sani. Ruɗani na biyu nawa ne, na ɗauka wuri ɗaya ne ashe uku ne kuma ba a unguwa ɗaya suke ba. Akwai SCCA, cibiyar nuna fasahar zamani da aka buɗe a 2019, ita yawanci aikin wasu masu fasahar ake nunawa, da aikin dattijo Kofi Dawson ma aka buɗe ta. Akwai Red Clay a bayan gari wajen Janna Kpeng, sai Nkrumah Volini. Ni SCCA na fara zuwa ina neman buhu, na zaga naga nuni mai kyau amma ba shi ya kawo ni ba, wata budurwa dake aiki a wajen ta zana min hanya a takarda tace Malam gobe ka fita da wuri kafin rana tayi zafi, kuma ka riƙe lambar mai adaidaitar domin samun abin hawa na dawowa daga can sai an jira.

Washegari ƙarfe tara ina Red Clay. Abunda zaka fara gani jiragen sama ne a tsakiyar fili cikin ciyawa, tsoffi da suka daina tashi ya saya aka jawo su ta mota tun daga kudu, an maida cikinsu aji, sai taragan jirgin ƙasa na zamanin Turawa a garin da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Gine-ginen manya ne na jan bulo. Ba'a karɓi ko kwabo ba, na rubuta sunana a littafin baƙi, wani saurayi dake jin Hausa sosai yace Malam daga ina, nace Kano, yace tun daga Kano, sai ya ajiye abunda yake yi ya zaga dani. Akwai 'yan makaranta sunfi talatin da malamarsu suna ta guje-guje, babu mai ce musu kar ku taɓa. Ya kaini wani zaure mai matakala kewaye kamar majalisar dokoki amma ba kowa a ciki, yace sunansa majalisar fatalwa, an fara yin irinsa a Mancesta a 2019 da kujerun jirgin ƙasa 120 na tsohon layin dogon Gana. Na zauna a mataki ɗaya ina kallon sauran, kowane gurbi kamar akwai wanda ya kamata ya zauna yayi magana ba'a taɓa kiransa ba.

Sai buhunan. Abunda hoto baya kawowa na farko wari ne, warin gawayi da ƙura da tsohon hatsi da ya sha damina, ina shiga naji kamar an maida ni rumfar Baba ina shekara bakwai. Daga nesa abu ɗaya ne, ruwan ƙasa, buhu buhu buhu har idonka ya gaji, kuma da gangan ake so ya gaji. In ka matso sai kaga babu biyu da suke ɗaya. Wannan yayi baƙi ƙirin, wancan mai ya zuba masa, wani an yi masa faci sau uku da zare kala uku, wani ga tambarin hukuma na asali da ke cewa kayan Gana ne, a kanshi kuma wani ɗan kasuwa ya rubuta harufan sunansa da fenti, wani ya zo ya soke ya rubuta nasa, irin dai alamar da mutanenmu ke yi a Dawanau kafin a loda wa tirela. Ni da nasan ɗinki ina iya gane inda hannu ya canza, nan mai haƙuri ne ɗinkinsa ƙanana a jere, nan kuma wanda ya gaji ne yana tsallake. Nabi bangon a hankali ina shafawa, nafi awa ɗaya. Saurayin yace min da yawa cikin masu ɗinkin 'yan ci-rani ne daga arewa, har da kayaye, ya kuma nuna min hotunan da mai aikin ya ɗauka na hannayen wasu mata da suka yi jarfa da sunansu da sunan garinsu a damtse, saboda in hatsari ya same su a kudu asan inda za'a kai su. Nan ne jikina yayi sanyi. Buhu da sunan mai shi a jiki, mutum da sunansa a jiki, sai dai buhun ya shiga jirgi ya ga Turai ba wanda ya tsayar dashi, ita kuwa mai ɗaukarsa ko Akara ta je baƙuwa ce. Na tuna kaina a boda ina tsaye da fasfo a gefen tebur ga tireloli can.

A nan na gane abunda nake koyarwa ba daidai ba. Ina ce wa yara maimaitawa a irin wannan aikin don yawa ne, don abu yayi girma ya burge. Ashe ba haka bane. Buhu ɗaya in ka ganshi a ƙasa tsallake shi zaka yi, in an rataye shi a bango kace tsohon buhu ne, amma in suka kai dubu ba yadda zaka yi ka ce tsautsayi ne ko labarin mutum ɗaya, dole ka tambaya wane tsari ne yake fitar da wannan kullum, waye ya ɗauka, waye ya ci riba. Ba'a rubuta ko kalma ɗaya ta zagin gwamnati ko kamfani ba, ƙirgar ce kawai take yin maganar. Haka wancan aikin da aka nuna a Legas a 2022, kawuna 108 na yumɓu na 'yan matan Chibok da har lokacin ba'a gano ba cikin 276 da aka sace a 2014, wanda Prune Nourry tayi tare da ɗaliban jami'ar Ile-Ife, girmansu ɗaya an jera su sahu-sahu amma kowace da fuskarta, ka gama kallon ɗaya ga wata, har sai lambar da ka saba ji a rediyo ta koma mutane. Kuma mu ma muna da namu tun kafin a kira shi fasaha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abun fitarwa, aka riƙa jera buhu dubbai har ya zama dala, ana buga hotonta ana alfahari, kowa yasan sunan Alhassan Dantata, amma waye ya san sunan mutum ɗaya cikin waɗanda suka hau da buhu a ka har ƙololuwa? Kakana yana cikinsu, Baba yace wuyansa bai ƙara miƙewa daidai ba har ya rasu. Na fita waje na zauna a inuwar fiffiken jirgi sai da na samu natsuwa.

Akwai tambayar da ta tsaya min kuma nayi ta, nace wa saurayin ɗan uwa, aikin nan ana saida shi da kuɗi masu nauyi a Turai, wanda ya ɗinka kuwa kuɗin yini ya karɓa, ashe ba abunda ake sukar bane ake sake yi? Bai ji haushi ba, yace mutane da yawa na tambaya, ya nuna min filin da yaran da jiragen yace ga inda kuɗin ke zuwa, ya kuma bani labarin ƙyallen da aka lulluɓe ginin Barbican na Landan dashi a 2024, kusan murabba'in mita 2,000, wanda ɗaruruwan masu saƙa da ɗinki suka haɗa a filin ƙwallon Tamale, aka ɗinka masa tsoffin rigunan saƙi da suke kira batakari wajen 100. Ni a ganina amsar ta biya rabi. Gina wuri irin wannan a arewa inda gwamnati bata gina ba, a buɗe shi kyauta, ba ƙaramin abu bane, ban san wani mai kuɗinmu da yayi wa yaran Kano irinsa ba. Amma sunan da ke jikin aikin har yanzu ɗaya ne, masu ɗinkin kuwa sai wanda ya iya karanta zare ne zai san sun wuce ta wajen, kuma wannan bai daina damuna ba.

Rana ta uku naje Nkrumah Volini, wani ƙaton rumbun siminti da aka fara ginawa zamanin Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, don ajiye amfanin gona, juyin mulkin 1966 yasa aka watsar dashi ba'a taɓa zuba komai ba, sunan da Dagbanci yana nufin cikin ramin Nkrumah. Jemagu sun mamaye shi kuma da aka gyara ba'a kore su ba. Awa ɗaya ta isa. Daga nan na wuce kasuwar Aboabo wajen masu hatsi, na samu wani dattijo na ɗinkin buhu, na gaishe shi da dasiba kamar yadda aka koya min ya amsa da naa, sai kuma muka koma Hausa, na karɓi basillarsa na ɗinka masa baki ɗaya, yace kai ɗan gida ne.

Wanda zai je, ya fara duba sunansa da ranar haihuwarsa a NIN su dace da na fasfo harafi da harafi kafin ya biya komai, wannan kaɗai zai rage masa sati uku. Yayi allurar shawara da wuri. Ya ɗauki hoton fasfo da katin a waya ya kuma buga kwafi ya ajiye daban. Ya riƙe ƙananan kuɗi a aljihun gaba, manyan a ɓoye, kuma in fasfonsa sabo ne ya shirya ransa, ko kuma ya ƙara kuɗi ya shiga motar babban kamfani ya huta da tsayuwa gaban tebur. Ya ware kwana 9 zuwa 10, shida duk a hanya suke tafiya, ni duka-duka harda fasfo da masauki da abinci na kashe kusan naira 600,000, mai hali yana iya hawa jirgi daga Akara zuwa Tamale ya rage kwana biyu, amma ni da za'a sake bani zaɓi motar zan kuma shiga, domin rabin abunda na fahimta a gaban bangon nan a hanya na tsince shi. Ya aika musu saƙo ta Instagram ko Facebook kafin ya tashi ya tambayi ranakun buɗewa da abunda ke rataye a lokacin, saboda ayyukan na fita waje nuni suna dawowa. Ya je da ruwa da hula, kuma don Allah kar ya shiga da waya a hannu yana ɗauka, ya bari sai ya gama zagayen farko da ido da hanci da hannu.

Da na dawo da sati biyu naje Dawanau da sabbin buhuna 40 na roƙi tsoffin abokan Baba su bani tsoffi, da ƙyar ma aka samu algarara domin yanzu buhun leda ya cinye kasuwa, wani Alhaji ya tono min guda 12 daga ƙasan sito yaƙi karɓar komai da yaji ɗan waye ni. Na kai su makaranta, na ɗauko basillar Baba da nake ajiye da ita na sayo wasu goma, na koya wa 'yan aji biyar ɗinki. Sharaɗi ɗaya na saka musu, duk wanda ya ɗinka layi ya rubuta sunansa a gefen layin, kuma ya je gida ya tambayo sunan wani a danginsu da ya taɓa yin dako ko noma ko ɗinki ya rubuta a ƙasan nasa. Zuwa yanzu mun haɗa buhu 31, bangon da muke so mu rufe zai ci wajen 90.